Ƙaiƙayin Fata Ya Hana Yarona Barci: Ina Neman Shawara

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyaye da 'yan'uwa, na kawo kukana ne a kan ɗana mai shekara 2 da wata 3. Tun yana ɗan wata 4 ƙuraje suka feso masa a kumatu, muka ɗauka ƙurajen zafi ne waɗanda za su wuce da kansu, amma maimakon su wuce sai suka koma wuya, da bayan gwiwa, da cikin gwiwar hannu. Yanzu fatar wuraren ta yi kauri, ta yi baƙi, ta bushe tana tsagewa. Tun da hunturu ya kama ba mu yi barcin kirki ba, domin da tsakar dare yake tashi yana susa har jini ya ɓata zanin gado, idan na riƙe masa hannu sai ya goga ƙafa da ƙafa yana kuka.

Watan jiya na kai shi asibiti, likita ya ce ekzima ce, ya rubuta man haidirokotizon da wani man shafawa. Na shafa kwana 3, na ga sauƙi sosai, sai maƙwabciyata ta ce irin wannan magani sitirod ne, yana cinye fatar yaro, na tsorata na ajiye. Mako bai zagayo ba abin ya dawo, har ya fi da. Daga nan na hana shi ƙwai, da madara, da gyaɗa, da kifi, saboda an ce su ke tayar da ciwon, ga shi yanzu ya rame kuma ƙaiƙayin yana nan. Kakarsa ta ce a dafa ganyen darbejiya a riƙa yi masa wanka. Don Allah wanda ya san hanya ya ɗora ni a kai.

Hajiya Yalwa:
Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Kafin komai ki duba mutanen gidanki: akwai wanda yake susa ban da shi? Idan ke da maigidanki da sauran yara kuna fama da ƙaiƙayi da dare, musamman a tsakanin yatsu da gindin cibiya, to ƙazuwa ce, kuma maganinta daban. Idan shi kaɗai ne, to irin wanda muke kira kirci ne. Na raini 'ya'ya 7 da jikoki, man kaɗanya muka sani, sai wankan darbejiya, kuma ban ga laifin shawarar kakarsa ba.

Maman Sadiq:
Na gode, Mama. Shi kaɗai ne yake susa, duk da gado ɗaya muke kwana. Sai dai mahaifinsa yana da asma tun yana yaro, ni kuma ƙura tana sa ni atishawa da ƙaiƙayin ido.

Baban Ihsan:
'Yar'uwa, maƙwabciyarki ta yi miki gata, kuma abin da na gani da idona zan faɗa. 'Yata tana wata 8 ƙuraje suka fito mata, na je wani kemis aka ba ni man nan mai haɗi uku, aka ce yana maganin kowace irin cutar fata. Kwana 2 jikinta ya yi sumul. Duk ranar da muka daina sai abin ya dawo, saboda haka mahaifiyarta ta zuba shi a cikin man shafawarta, ana shafa mata safe da yamma har wata 5. Fuskarta ta kumbura ta yi zagaye, muna murna muna cewa ƙiba ce, fatarta ta yi haske ta yi siriri har ana ganin jijiyoyi, gashi ya fito mata a goshi da gefen fuska. Da muka je asibiti aka ce maganin ne ya shiga jininta, kuma sai da aka janye shi sannu a hankali a ƙarƙashin kulawar likita. Har yau idan na tuna ni ne na sayo shi da kuɗina, zuciyata takan yi nauyi. Ra'ayina shi ne duk abin da aka kira sitirod kada ya kusanci fatar yaro.

Sista Rukayya:
Baban Ihsan, Allah ya ƙara wa 'yarka lafiya. A aikin jinya mun sha ganin irin wannan, kuma gaskiya ka faɗa game da man nan mai haɗi uku. Amma ina roƙon ka bar ni in rarrabe abu biyu da ka haɗa. Sitirod na shafawa hawa-hawa ne. Haidirokotizon mai kashi 1 cikin 100, wanda aka rubuta wa Sadiq, yana matakin ƙasa, shi ya sa ake iya sa shi ko a fuskar jariri har tsawon 'yan kwanaki. Abin da ke cikin mayukan nan masu haɗi uku kuwa yawanci betametazon ne ko kilobetasol, shi kilobetasol yana matakin ƙoli, ƙarfinsa ya ninka na haidirokotizon sau ɗaruruwa. An shafa wa jaririya mafi ƙarfi a duk jiki har wata 5, ba tare da likita ya duba ba. Ita kuma Maman Sadiq an ba ta mafi sauƙi, ta ajiye bayan kwana 3 tun wutar ba ta mutu ba. Kuskure biyu ne mabambanta, kuma dukansu yaro ne ke shan wahalarsu.

Akwai kuma ruɗanin suna. A kemis da kasuwa idan aka ce ekzima, sau da yawa kyasbi ake nufi, wato dabbare-dabbaren nan na ƙirji da baya waɗanda ba su cika ƙaiƙayi ba, su kuwa wani nau'in ƙwayar cuta ne ke kawo su. Abin da likita ke nufi da ekzima daban ne, kuma maganin kyasbi ko na makero ba ya taɓa shi.

Dakta Bashir:
Assalamu alaikum. Ni likitan yara ne, kuma ba zan iya yanke hukunci a kan yaron da ban gani ba, amma bayanin Maman Sadiq ya yi daidai da yadda wannan ciwo yake tafiya: farawa a kumatu a watannin farko, komawa lanƙwasar gaɓoɓi idan yaro ya fara tafiya, ga asma da atishawa a wajen iyaye.

Fata kamar katangar gida take, tana riƙe ruwan jiki a ciki, tana tare ƙura da sabulu da ƙwayoyin cuta a waje. Yaro mai ekzima an haife shi da katanga mai tsaga. Ruwa yana fita, fata ta bushe. Abubuwan waje suna shiga, garkuwar jiki ta tayar da kumburi. Kumburi ya kawo ƙaiƙayi, susa ta ƙara faɗaɗa tsagar, a sake komawa farko. A shekarar 2006 masu bincike a Jami'ar Dandi da ke Sikotilan suka nuna cewa tawaya a ƙwayar gadon da ke samar da wani sinadarin fata mai suna filagirin tana da alaƙa mai ƙarfi da wannan ciwo. Ba kowane mai ekzima ne ke da wannan tawaya ba, amma binciken ya tabbatar da cewa matsalar daga ginin fata take. Don haka ba ƙazanta ce ta kawo shi ba, ba laifin nonon uwa ba ne, kuma ba a ɗaukarsa, kada a hana yaron wasa da 'yan'uwansa. A wasu ƙasashe yaro 1 cikin 5 yana fama da shi. A baƙar fata ba a ganin jan da littattafai ke kwatantawa, sai dai wurin ya yi duhu ko toka-toka, ko ya yi ƙananan ƙuraje kamar tsikar jiki ta tashi, shi ya sa ake yawan raina tsananinsa a wajen yaranmu.

Aiki biyu ne a gabanki, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Na farko toshe tsagar da mai, kullum, ko fata ta yi kyau ko ba ta yi ba. Yaro mai ciwo a yawancin jiki yana iya buƙatar a shafa masa giram 250 zuwa 500 na mai a mako guda, kuma a nan ne yawancin iyaye ke gazawa, domin suna shafa ɗan kaɗan sau ɗaya bayan wanka. A hunturu sau 3 ko 4 a yini bai yi yawa ba. Wanka sau ɗaya ya isa, na minti 5 zuwa 10, da ruwa mai ɗumi-ɗumi ba mai zafi ba, babu soso, babu sabulu mai ƙamshi ko mai kumfa da yawa, babu ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a bokiti. Idan kin fito da shi ki daddanna tawul a jikinsa, kada ki goge, ki shafa mai nan take tun da sauran danshi, kina bin yadda gashi ya kwanta.

Na biyu kashe kumburin, kuma mai kaɗai ba ya iya wannan idan ciwo ya riga ya tashi. Nan ne wurin sitirod. Ma'auninsa shi ne ki matso maganin daga kan yatsanki manuni zuwa gaɓar farko, wannan kusan rabin giram ne, kuma ya isa wurin da ya kai faɗin tafin hannun babba 2. A wurin ciwon kaɗai ake sawa, sau ɗaya ko biyu a yini yadda aka rubuta, a bar tazarar kamar rabin awa tsakaninsa da man shafawa, a ci gaba har fata ta yi laushi ƙaiƙayi ya tsaya, wanda yawanci yakan ɗauki kwana 7 zuwa 14. Ki koma wajen likitan da ya duba shi ki gaya masa gaskiya cewa kin ajiye maganin. Fatar da ta yi kauri a bayan gwiwa tana iya buƙatar wanda ya ɗan fi haidirokotizon ƙarfi na ɗan lokaci, kuma shi ne zai tantance.

Baban Ihsan:
Dakta, na fahimci bambancin, kuma na gode. Amma har yanzu raina bai kwanta ba. Mu ma da kwana 2 muka fara, ciwon ne ya riƙa dawowa har muka kai wata 5. Mene ne zai hana wannan baiwar Allah faɗawa ramin da muka faɗa?

Dakta Bashir:
Tambayarka tana kan hanya, Malam. Abin da zai hana shi ne lissafi da komawa asibiti. Ta rubuta ranar da ta fara da ranar da ta tsaya, ta san bututu nawa ya ƙare a wata, kuma kada a taɓa zuba sitirod a cikin man shafawa na yau da kullum. Idan ciwon yana dawowa wuri ɗaya da zarar an daina, likita yakan tsara a riƙa shafawa kwana 2 kawai a mako a wuraren da suka saba tashi, wannan kuwa yana rage yawan maganin da za a shafa wa yaro a shekara. Akwai kuma man takrolimus mai kashi 0.03 cikin 100, wanda ba sitirod ba ne, ana ba yara daga shekara 2, ya dace da fuska da wuya, ko da yake yakan yi ɗan zafi a kwanakin farko. Ga waɗanda duk wannan bai yi musu ba, akwai allurar dupilumab, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince a yi wa yara daga wata 6 a shekarar 2022, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin yawancin gidaje. Kafin a kai can akwai likitocin fata a manyan asibitocin koyarwa, irin na Aminu Kano da na Shika a Zariya. Abin da nake tsoro fiye da man shafawa shi ne ƙwayoyi ko allurar sitirod da ake bayarwa a kemis: yaro ya warke kamar an yi ruwa an ɗauke, bayan mako biyu ciwon ya dawo da ƙarfin da ya fi na farko.

Hajiya Yalwa:
Likita, ɗana, na karanta bayaninka duka, amma ban ji ka ce komai a kan darbejiya ba. Iyayenmu ba su san asibiti ba, da ita suka yi mana magani, kuma ga mu a raye.

Dakta Bashir:
Mama, Allah ya ƙara girma. Ba raini ne ya sa na tsallake ba. A kan man kaɗanya ina tare da ke ɗari bisa ɗari, muddin tsantsarsa ne, ba a haɗa shi da turare ko man bilicin ba. Darbejiya kuwa ina jin tsoronta a fatar da ta tsage tana jini, domin ruwan ganye yana iya ƙara fusata irin wannan fata, kuma an saba yin wankan da ruwa mai zafi ana dirzawa da ganyen, alhali zafi da dirza su ne manyan abokan gabar wannan ciwo. Ba na musun cewa kin ga yara sun warke. Da yawa daga cikin masu wannan ciwo sukan samu sauƙi da kansu idan suna girma, ko an yi wankan ko ba a yi ba. Roƙona a jinkirta har fatar ta rufe.

Hajiya Yalwa:
To, na ji batun fatar da ta tsage, wannan hujja ce. Amma ban yarda cewa ganyen ba shi da amfani ba. 'Yata, ki gaya wa surukarki cikin ladabi cewa likita ya ce a dakata har ƙurajen su bushe, kuma ki miƙa mata kwalbar man kaɗanya ta riƙa shafa wa jikanta da hannunta. Tsohuwa idan aka ba ta aiki a jinyar jikanta ba za ta ji an ware ta ba.

Ummu Khadija:
Ina gaida kowa daga Maraɗi. Ni damuwata kuɗi ce, domin giram 250 a mako na mayukan kantin magani ba abin da talaka zai iya ba ne. Da 'yata ta yi irin wannan, basilin fari marar ƙamshi na riƙe, ina haɗawa da man kaɗanya da dare, kuma ya yi mana aiki. Na kuma koya cewa a riƙa ɗiba da cokali mai tsabta, kada a tsoma yatsa a cikin kwalba. Tambayata a kan man zaitun ce, domin mutane da yawa suna shafa wa jarirai shi saboda albarkarsa.

Sista Rukayya:
Ummu Khadija, basilin fari yana cikin mafi kyau kuma mafi araha, mai kauri ne ke riƙe danshi, ba mai ruwa-ruwa ba. Amma akwai haɗarin da ya wajaba in faɗa da babbar murya a wannan lokaci na sanyi. Tufafi da zanin gadon da suka sha basilin ko wani mai suna kama wuta da sauri, kuma wanki ba ya fitar da man gaba ɗaya. A gidajenmu ana shiga da kaskon garwashi ɗaki, ana kunna turaren wuta da maganin sauro na hayaƙi, yara suna zagaye murhu suna jin ɗumi. Yaron da ake shafa wa mai sau 4 a yini a nisanta shi da wuta. Shi kansa hayaƙin turaren da humrar da ake shafa wa yara suna tayar da ƙaiƙayi.

Man zaitun kuwa, cinsa daban, shafa shi a fata mai ciwo daban. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Shefil ta Ingila, wanda aka wallafa a 2013, ya nuna cewa shafa shi na mako 4 ya raunana katangar fatar manya waɗanda aka gwada. Ba zan ba da shawarar a sa shi a fatar yaro mai ekzima ba.

Maman Sadiq:
Allah ya saka da alheri. Jikina ya yi sanyi da batun garwashi, domin kullum da shi muke kwana. Dakta, saura batun abinci. In mayar masa da abin da na cire?

Dakta Bashir:
Wannan ne ya fi tayar mini da hankali a duk bayaninki, 'yar'uwa. Yaro mai shekara 2 da aka hana ƙwai, madara, gyaɗa da kifi a lokaci guda an cire masa yawancin abincin da ke gina jiki, kuma ke da kanki kin ce ya rame alhali ƙaiƙayin bai ragu ba. A mafi yawan yara abinci ba shi ne tushen ekzima ba. Rashin jituwa da abinci na gaskiya yakan bayyana cikin mintuna zuwa awa 2 bayan ci, da borin jini, ko kumburin leɓe da ido, ko amai, ko sarƙewar numfashi. Idan Sadiq ya taɓa yin haka da wani abinci, kada ki mayar da shi sai a gaban likita. Idan kuwa da yana cin su lafiya lau, ki faɗa wa likitansa tsawon lokacin da ya yi bai ci ba, a mayar da su ɗaya bayan ɗaya, kada a ja lokaci, domin daɗewa ba a ci ba yana iya haifar da rashin jituwar da babu ita a da. A 2015 aka wallafa wani babban bincike da aka yi a Landan a kan jarirai masu ekzima mai tsanani ko rashin jituwa da ƙwai, aka ga waɗanda aka fara ba gyaɗa tun suna ƙasa da shekara 1 sun fi waɗanda aka hana tsira daga rashin jituwa da ita, da kusan kashi 80 cikin 100.

Maganin mura mai sa barci da ake ba yara saboda susa ba ya kashe ƙaiƙayin ekzima, barci kawai yake sawa, kada ki saya da kanki. Ki yanke masa farce ki goge kaifin, ki sa masa rigar auduga mai dogon hannu a ƙarƙashin rigar sanyi don kada ulu ya taɓa fata, kada ki jibga masa bargo har ya yi gumi, ki ɗauraye kayansa sosai bayan wanki. Idan susa ta taso da dare, ki ɗora masa tsumma mai sanyi a wurin, ki ƙara mai.

Alamu biyu kuma ba sa jiran gobe. Idan wurin ya fara tsatsafo da ruwa ko mugunya, ya yi ɓawo mai launin zuma, ƙwayar cuta ta shiga, a je asibiti. Idan kuwa ƙananan ƙuraje masu ruwa suka feso a tare, masu girma ɗaya, suka fashe suka bar ramuka, ga zafi, ga zazzaɓi, musamman kusa da ido, a tafi a wannan sa'a ko da tsakar dare ne. Ƙwayar cutar nan ce mai fitar da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi, tana bazuwa da sauri a fatar mai ekzima, saboda haka duk mai irin wannan ƙurji a leɓe kada ya sumbaci yaron.

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum. Yau kwana 12 da komawarmu asibiti, na ga ya dace in kawo bayani. Likitan bai yi mini faɗa ba, ya bar haidirokotizon don wuya da fuska, ya ƙara wani don bayan gwiwa da hannu, ya ce mu dawo bayan mako 2. Na fitar da kasko daga ɗaki, na jefar da soso. Kakarsa ce ke shafa masa man kaɗanya da hantsi da la'asar, ni kuma basilin da safe da dare. Ya koma cin ƙwai da madara ba tare da wata matsala ba, gyaɗa da kifi sai mako mai zuwa. Daren jiya sau ɗaya ya farka. Bayan gwiwar hagu har yanzu da sauran kauri. Abin da ya dame ni shi ne wuraren da suka warke a kumatu da wuya sun yi fari-fari, kakarsa ta ce maganin ne ya fara cin fatar, ni ma gabana ya faɗi da na tuna labarin Baban Ihsan.

Dakta Bashir:
Alhamdu lillahi. Wannan hasken sawun kumburin ne, yakan biyo bayan warkewa a baƙar fata, wani wuri ya yi haske wani ya yi duhu, kuma launin yakan dawo cikin makonni zuwa watanni idan ciwon bai sake tashi a wurin ba. Wurin da ya yi laushi kuma babu ƙaiƙayi ki daina sa masa magani, mai kawai. Ki nuna wa likitan wuraren ranar komawa, ki tafi da bututun biyu ya ga yawan abin da kika yi amfani da shi.

Baban Ihsan:
Maman Sadiq, na ji daɗin wannan labari ƙwarai. Na 'yata ba haka ya yi ba, nata duk jikin ne ya yi haske, fatar ta yi siriri tana ƙyalli. Ki riƙe takardar lissafin nan da Dakta ya ce, ki tafi da ita ranar komawa asibiti. Allah ya ƙara masa lafiya.